Babin Masu Haƙar Rijiya

Mijina ya iya musu. Wannan nake so a fara sani, kada a ɗauka irin mutanen nan ne da za ka taka su su ce maka sannu. A ƙasan benen da muka zauna a Chow Kit, wata unguwa a Kuala Lumpur, akwai shagon mamak, irin wuraren cin abincin nan na Indiyawa Musulmi, inda ɗaliban Arewa ke haɗuwa shan shayi bayan La'asar. In ka same shi a can ana maganar ƙwallo ko siyasar gida, sai ka rantse lauya ne. Shayinsa ya huce, kowa ya gaji ya tashi, shi yana nan yana kawo hujja. A gida kuwa ni ce shaida, don mun taɓa yin kwana da kwanaki muna jayayya a kan ko daddawar da aka aiko mana ta kalwa ce zalla ko an haɗa ta da waken suya.

Amma ka ajiye masa mai furfura a gaba, ko wanda ya taɓa koya masa ko da harafi ɗaya ne, sai ka ga wani mutum daban. Kai ya sunkuya, murya ta yi ƙasa, baki ba ya fitar da komai sai "haka ne". Da karatun zaure ya tashi, inda ɗalibi ke zama a ƙasa ya ja baƙi malam ya fassara. Ya taɓa gaya min cewa ko malam ya yi tuntuɓen harshe ba a gyara masa. Sai dai ka sake jan wurin a hankali kamar kai ne ka yi kuskuren, in ya farga to, in bai farga ba a wuce. Da wannan tarbiyya ya zo Kuala Lumpur yin digiri na uku a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, ni da yara muna biye da shi.

Kundin nasa cike yake da lissafi da taswira, abubuwan da ko kallonsu na yi sai kaina ya sara. Babi ɗaya ne na san abin da ke ciki, na biyar. Mahaifinsa mai haƙar rijiya ne, sana'ar gidansu ke nan. Da mijina ya je gida tattara bayanai, sai ya zauna da tsohon da abokan aikinsa ya ɗauki muryarsu a waya: yadda suke duban wuri kafin su sa diga, wace bishiya suke nema, me launin ƙasar suri ke gaya musu, yadda suke ɗanɗana yumɓu in rami ya yi nisa. Bai jima da dawowa ba aka kira aka ce Baba ya rasu. Kafin mu gama yarda da abin da muka ji har an kai shi makwancinsa, mu muna nan a hawa na sama muna kallon jirgin monorel yana wucewa ta taga.

Shi ya kasa sauraron muryar, don haka ni na zauna na mayar da ita rubutu. In na kai yara makaranta na biya kasuwa na dawo, sai in toshe kunne da wayar in yi ta bugawa. Surukina mutum ne da ban taɓa hira da shi ba. Gaisuwa ce daga nesa, a durƙushe, in tashi in ba shi wuri. A Chow Kit na san shi, bayan ya mutu. Na san tarinsa, na san yadda yake tsayawa ya ce "ka gane ko?", na san dariyar da yake yi in wani abokinsa ya zuga zurfin rijiyar da ya haƙa. Sau da yawa sai na tsayar da muryar na share hawaye sannan in ci gaba. Mijina ya juya rubutun zuwa Turanci, ya ɗora maganganun tsofaffin a kan taswirarsa. Ya ce min da za a ce ya zaɓi abu ɗaya a kundin nan a watsar da sauran, wannan babin zai ɗauka.

Farfesar da ke duba aikinsa wata 'yar Malay ce, 'yar ƙarama, mai magana ƙasa-ƙasa. A ƙaramar Sallah mutanen ƙasar kan buɗe gida kowa ya zo ya ci, ita ma ta gayyace mu. Ana cikin hada-hada ta ja ni kicin, tana ta loda min abinci a faranti tana cewa "makan, makan", wato ci, ci. Can sai ta rage murya. Ta ce sun yi wa mijina gwaji kafin ranar kare kundi. Wani malami ya ce taswirar ta yi yawa, ya yarda. Wani ya ce taswirar ta yi kaɗan, shi ma ya yarda da shi.

"Your husband agree with everybody lah," in ji ta. Ta ce a ranar jarrabawar tana ɗakin, amma a bayansa za ta zauna, ba ta da ikon buɗe baki. Duk abin da ya amsa a wurin shugaban zaman zai rubuta, kuma dole ya aikata kafin a ba shi digiri. "Ki koya masa ya ce a'a. Boleh?"

Na ce boleh, wato zai yiwu. Me zan ce? Ni ma da farantin matar a hannuna ban ga ta inda zan ce mata a'a ba.

'Yarmu ta fari, wadda ba na faɗin sunanta a baki balle a rubuce, tana cikin ƙungiyar muhawara ta makarantarsu. A Kuala Lumpur ta yi wayo, ka yi mata Hausa ta amsa maka da Turanci, abin da ya daɗe yana ci min rai. Ranar dai bakin nata ya yi rana. Muka mayar da teburin cin abinci ɗakin jarrabawa duk Asabar da hantsi. Ni ce shugaba, ina zaune da tabarau ina haɗe rai. Ita ce mai tambaya. Uban yana gefe ɗaya shi kaɗai, da kundinsa a gaba.

A nan na gane cewa masu Turanci sun tanadi hanyoyi iri-iri na ƙin magana ba tare da an tashi baram-baram ba. Yarinyar ta fara da "I see your point, but", wato na ga inda ka dosa, amma. Ka shimfiɗa wa mutum tabarma, yana shirin zama ka janye. Sai "with all due respect", wanda ta ce duk wanda ya buɗe baki da shi, to ka shirya, abin da ba ka so ne zai biyo baya. Da ta zo kan "we don't see eye to eye", ta ce ana faɗinsa ne in ra'ayi ya saɓa, uban ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce ashe su sai sun haɗa ido suke jituwa, mu kuwa haɗa ido da babba shi ne mafarin fitina. "Let's agree to disagree" har yau ban gane kansa ba. A gidan da na tashi, in an yi saɓani sai wani ya sauko, ko a kira babba ya raba. Ban taɓa ganin an tashi kowa na riƙe da nasa kuma a ce an daidaita ba.

Wanda ya fi kwanta masa shi ne "I beg to differ", don ya ce ko ba komai akwai roƙo a ciki. Sai dai in ya faɗa, yakan faɗe shi yana kallon tebur, kuma ya ƙara da Hausa ƙasa-ƙasa, "amma dai ku kuka fi sani."

"Abba, no!" in ji yarinyar. "Ba a sa masa wutsiya. Ka faɗa ka yi shiru, ka kalle ni."

"Ke zan kalla ai, ba su ba."

"Pretend mana, Abba."

Ta koya masa na yarda ma: "fair enough", da "you're absolutely right", da "I couldn't agree more", wato na yarda iyakar yarda. Waɗannan sau ɗaya ta faɗa ya cafke, kamar da su aka haife shi. Ta ce ya riƙa kashe su a kan ƙananan abubuwa, in an ce ga waƙafi ya ɓata ko taswira ba ta fito ba. A ba su ƙanana don a riƙe manya. Na babi na biyar kuwa jumla ɗaya ta ba shi, "I stand by this chapter", ina nan a kan wannan babi.

Wata Asabar ta matsa masa da gangan. Ta ɗaga babin da yatsa biyu, ta yatsine fuska ta ce da Turanci wannan ai hirar tsofaffi ce kawai. Ban taɓa ganin fuskarsa ta canza haka ba. Ya miƙe zaune, ya kalle ta ido cikin ido, Turanci ya ɓalle masa. Ya ce mutanen nan sun yi shekaru suna shiga ƙasa da igiya a ƙugu, in sun yi kuskure gari ne zai kwana da ƙishi. Ya ce bai kawo su don su maye gurbin na'ura ba, ya kawo su ne don a ga inda suka dace da ita da inda suka saɓa. Ya yi ta yi har yarinyar ta ajiye babin ta tafa masa. Ni kuwa na tashi na shige kicin, don kada su ga idona. Na ce a raina shi ke nan, mun gama.

Ranar kare kundin na soya cincin, na haɗa zoɓo, don al'ada ce in an fito a ɗan taɓa wani abu. Na zauna a baranda a kan wani dogon benci, kwandon a gefena. Ruwa ya tsuge irin na garin nan da ba ya sallama. Na ga masu jarrabawar sun wuce: shugaban zaman, da wani matashin malami, da wani dattijo da aka gayyato daga wata jami'a, kansa fari fat, yana dogara sanda. Da ya zo daidai ni ya yi sallama cikakkiya. Na amsa, ina ganin furfurar nan na san akwai aiki.

Abin da ya faru a ciki daga bakin Farfesa na ji rabi, daga bakin mijina na ji rabi, shi ma sai da na yi ta tatsa. Dattijon da ya zauna sai ya ce ya taɓa aikin Hajji da 'yan Najeriya, mutanen kirki, ya kira mijina "my son". Matashin ne ya fara, ya shiga lissafi da zafinsa, mijina ya tare shi. Har "I see your point, but" ya yi masa, kuma ya yi nasara. Farfesa ta ce a bayansa tana ta godiya ga Allah. Sai dattijon ya buɗe babi na biyar, ya ɗora tafin hannunsa a kai. Cikin taushin murya ya ce wannan labarin tsofaffi ne, ba kimiyya ba, kundin zai fi ƙarfi in babu shi. Ya ce, "Don't you agree, my son?"

Farfesa ta ce tana ganin ƙeyar mijina tana sunkuyawa a hankali.

"I couldn't agree more, Prof."

Dattijon ya cire tabarau ya dube shi. Ya ce ka tabbata? Mijina ya ce, "Absolutely, Prof." Dattijon ya ɗan jira, ya sake jira, sannan ya rufe babin. Shugaba ya rubuta.

Farfesa ce ta fara fitowa. Ta kama hannuna biyu ta ce ya ci, sai 'yan gyare-gyare, amma fuskarta ba ta mai albishir ba ce. Abokansa suka taso daga ƙasa da ihu, Dakta, Dakta, aka buɗe kwandona. Ana cikin ci ta ja ni gefe ta gaya min. Ta ce ta daɗe da sanin dattijon nan, haka yake yi wa kowane ɗalibi. Babin da ya fi burge shi, shi yake kai wa sara, don ya ji yadda mai shi zai kare. Magana biyu kawai yake jira. Ta ce yanzu an riga an rubuta, sai dai in shi mijina zai koma da ƙafarsa ya ce ya sake tunani, a nemi dattijon a sake zama. Ta ce abu ne mai wuya, amma ba a hana ba.

Na daure har muka isa gida. Na daure har yara suka ci abinci suka shige ɗaki. Sannan na buɗe masa wuta, kuma ban rage komai ba.

"Malam, me ya same ka? Ina duk abin da ka yi mana a teburin nan?"

"An wuce wurin."

"Ba a wuce ba. Farfesa ta ce kana iya komawa."

"In koma in ce masa me? In ce na fasa? Mutumin da ya haifi kamata, ya kira ni ɗansa a gaban jama'a?"

"Gwada ka yake yi!"

"Ko gwaji ne. Bakina ba zai iya ba. Na buɗe shi, wallahi na buɗe, jumlar tana nan a kan harshena. Na ɗaga ido na ga furfurar, sai ɗayar ta fito."

Raina ya gama ɓaci. Na tuna safiyoyin da na yi da muryar tsohon a kunnena, na ce masa abin da na san zai yi masa ciwo. Na ce ka ji kunyar baƙon da ka gani yau, ba ka ji kunyar mahaifinka da ke kabari ba.

Bai yi fushi ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Sai ya ce, "Ai shi ya koya min." Ya ce yana yaro, wani dattijon garinsu ya tsaya a bakin wata rijiya da suke aiki ya faɗi zurfin da ba shi ba. Shi kuwa shi ya auna igiyar da hannunsa, sai ya ce a'a, ba haka ba ne. Baba ya fito daga ramin, jikinsa duk laka, ya wanke ɗan nasa da mari a gaban mutane. Da yamma ya sayo masa ƙosai ya ajiye masa. Baba ya san shi ke da gaskiya, shi ma ya san Baba ya sani, kuma ba su taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Haushinsa bai tafi ba, sai tausayinsa ya zo ya zauna a kai, kuma haka na yi ta fama da su biyun. Yarinyar ta ji komai ta bayan ƙofa. Washegari ta ce min da ta sani da ba ta koya masa na yardar ba. Na ce mata ko ba ta koya masa ba zai samo nasa. Daga ranar ba a sake wasan muhawara a teburinmu ba.

Na yi ta jira ko zai canza. Farfesa ma ta ja masa lokaci da gangan, ta ƙi karɓar gyaran da wuri. Bai koma ba. Wata Lahadi da rana ya zauna ya cire babin, ya mayar da na shida na biyar, ya bi kundin yana tsince duk inda aka ce a duba maganar masu haƙar rijiya. Aikin ya ɗauke shi har La'asar. Ranar bai sauka shagon mamak ba, ya ce kansa ke ciwo.

Aka ɗaure kundin da baƙin bango da rubutun ruwan zinare, ya kawo shi gida. Muna ta haɗa kayan komawa Najeriya a lokacin, falon duk kwalaye. Ina kicin ina soya albasa aka kira shi ta bidiyo daga garinsu. Baffa ne, ƙanin marigayi, wanda suka yi rayuwarsu suna shiga rami tare, kuma yana cikin waɗanda aka ɗauki muryarsu. Na leƙo don in gaishe shi. Bayan gaisuwa da addu'a ya matso da fuskarsa jikin wayar.

"Dakta, an ce littafi ya fito."

"Ya fito, Baffa."

"Alhamdu lillahi. To buɗe min wurin Yaya in gani. Ko ban iya karantawa ba, idona ya gani."

Mijina ya ɗauko kundin ya ɗora a cinya. Ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ina jin ƙarar takardun. Ya buɗe gaba, ya dawo baya, ya sake yin gaba. Can ya tsaya a kan wata taswira mai ɗigo-ɗigon shuɗi da dogon bayani a ƙasa, ya ɗaga ta saitin wayar.

Baffa ya ƙura ido ya daɗe yana kallo. "Ikon Allah. Har da zane aka yi masa." Ya goge ido da bakin rigarsa. "Allah ya jiƙan Yaya. Yana kwance yana ce min, mu da muka ƙare a cikin rami, ga shi yaron nan zai sa mu a littafin Turawa. Ka taho da shi. Na gaya wa mutane, in ka iso za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ka buɗe wurin nan ka karanta mana, ka fassara. Sauran abokan aikinmu duk sun ce za su zo."

"To, Baffa."

Layin ya katse. Ya ci gaba da riƙe littafin a sama, a gaban wayar da ta riga ta yi duhu. Na koma kicin na tarar albasar ta ƙone, na tsaya ina kallonta ban sauke ba.